Shafi Biyu da Soyayyen Cuku

Ƙanena, Allah ya jiƙansa, ba ya jingina da bango, ba ya zama a kan benci, ba ya kama ƙofa, sai ya fara taɓawa da bayan yatsansa ya duba yatsan. Ko a gidan mutane haka yake yi. Mun taɓa zuwa duba wani maƙwabci da ba shi da lafiya, ya tsaya yana taɓa ƙarfen gadon, har matar gidan ta ce masa gadon nan ya girmi aurenta, fentinsa ya bushe tuntuni. Ya ce shi ma ya sani, yatsan ne bai sani ba.

Fentin mota ne sana'arsa tun yana saurayi. A gareji ba mai kiransa da sunansa, Shafi Biyu kowa yake ce masa. Ko ƙofar mota guda ka kawo kana sauri, zai gaya maka shafi ɗaya ba fenti ba ne, gaisuwa ce. Yakan fesa na farko, ya tura motar cikin rana, ya zauna a kan tsohuwar taya yana kallonta kamar mai jiran baƙo. Sai ta bushe, yatsa ya ba da shaida, sannan ya tashi ya fesa na biyu. A wurinsa rana ita ce rabin aikin.

Sana'ar ta ba shi gida mai baranda da ke kallon titi. Ta kuma karɓe masa hanci. Shekarun da ya yi yana shaƙar fenti sun sa ba ya jin ƙamshi, ba ya jin wari. Matarsa takan sa turare ta zo ta tsaya a gabansa ta tambaye shi yaya ya ji, ya dube ta sama da ƙasa ya ce launin dai ya hau.

Ta rasu 'yarsu tana ƙarama. Ciwon bai yi kama da babba ba. Cewa aka yi a ba ta gado a asibiti a ƙara mata ruwa, ta shiga da ƙafarta tana yi masa sallahun abin da za a dafa wa yarinya. Tun daga ranar, idan hanya ta biyo da shi ta ƙofar asibitin, sai ya tuna yana da saƙo a wani titin. Ni yayarsa ce, a lokacin nawa gidan ya zama wayam, sai na tattara kayana na dawo wurinsu. Kicin ya zama nawa. Shi ko ruwan shayi bai taɓa ɗorawa ba.

Yarinyar Auta muke ce mata, ko da yake ita kaɗai ce. Shi kuwa Uwata yake kiranta, don sunan mahaifiyarmu ta ci. Ta girma ta auri wani direban babbar mota, yaro mai kunya wanda hanya ta fi gida ganinsa. Da ta samu cikin fari, shi kuma tafiya ta kama shi, sai ta dawo ɗakinta na da don kada ta zauna ita kaɗai.

Cikin ya zo mata da ƙin abinci. Duk abin da na iya a duniya na dafa, ta kalla ta juya fuska. Wanda ta daure ta haɗiye kuwa ba ya zama. Wuyanta ya fito, zoben aurenta ya koma babban yatsa. Ranar da na raka ta awo, nas ɗin ta ɗora ta a sikeli, ta duba, ta sake dubawa, ta ce idan aka dawo awo na gaba abin bai sauya ba, za a ba ta gado a ƙara mata ruwa. A bakin ƙofa na gaya wa ƙanena, da kalmomin nas ɗin kamar yadda ta faɗe su. Ya daɗe yana kwance igiyar takalminsa.

Wata ranar da yamma Auta tana kwance a doguwar kujera tana latsa waya, sai ta ce, “Goggo, wannan.” Na leƙa. Wani mutum ne da farar riga, yana magana da yaren da ba wanda ya sani a cikinmu. Ya yanka farin cuku mai laushi dogo-dogo kamar yatsa, ya birkiɗa shi a fulawa, ya tsoma a ƙwai, ya birkiɗa a garin busasshen burodi. Ya ɗauke tiren ya fita da shi daga hoton. Da ya dawo, ya sake tsomawa a ƙwai da garin burodin, ya sake fita da tiren, sannan ya soya. Ya dangwala a wata jar miya ya gartsa, muka ji ƙaras ta cikin waya, cikin kuwa fari sol yana tururi. Auta ta ce sun taɓa cinsa da mijinta a wani gidan abinci na bakin hanya, can nesa. Na ga maƙogwaronta ya motsa. Rabon da in ga haka har na manta.

Na ce mata ban taɓa dafa shi ba. Ashe ƙanena yana tsaye a bayan kujera. Ya ce a maido hoton baya. Aka maido. Da mutumin ya zo tsomi na biyu, sai ƙanena ya bugi cinyarsa.

“Yaya, wannan ai fenti ne. Mutumin nan ɗan sana'a ne.”

Ya shiga yi mana bayani yana nuna wayar da yatsa. Fulawa ita ce ta ƙasa mai kama jiki, ƙwai shi ne manne, garin burodi shi ne launi. Fitar da yake yi da tiren kuwa, ai wannan ko yaro ya san inda ya je. Rana ya kai shi ya bushe.

Washegari bai je gareji ba. Ya dawo daga kanti da cuku, da burodi har ƙarƙashin hammata, da ƙwai, da sabon kaskon suya, da sabon tire. Ya sa wankakkiyar rigar aikinsa. Ya liƙe bangon kicin da ƙofofin kabad da tsofaffin jaridu, yadda yake rufe gilashin mota kafin feshi. Sannan ya kawo mini kujera ya ajiye a bakin ƙofa daga waje, ya ce in huta, na yi aiki da yawa a rayuwa. Haka aka sallame ni daga kicina, cikin girmamawa.

Aikin dai ya yi kyau a ido, wannan ba zan hana shi ba. Ya busar da burodin, ya murje shi, ya tankaɗe, ya sake tankaɗewa, wai ba ya son gudaji a jikin aiki. Ya yanka cukun daidai wa daida kamar an auna. Yana aiki yana waƙa, shi da ban taɓa jin waƙarsa ba tun muna yara. Ya gama shafi na farko ya kai tiren baranda inda rana ta fi ƙarfi, ya kifa rariya a kai don ƙura, ya zauna yana gadi. Ya taɓa, ya shigo da shi, ya yi na biyu, ya sake mayarwa rana. Auta tana leƙe ta labule. Har maƙwabciyarmu ta ɗago kai daga shanya tana tambayar me ake shanyawa a tire.

Da mai ya yi zafi ya saka na farko. Ya ɗan yi tsuwwa mai daɗi, ƙanena ya juyo ya dube ni yana murmushi. Kafin ya juya, abin ya tsage, cukun ya tsiyaye cikin mai, man ya hau tartsatsi har kan jaridu. Na biyu ma haka, na uku ma haka. Abin da ya kwaso a matsami ɓawo ne ja mai kyau, ciki babu kowa.

Ana cikin haka Guduma ya yi sallama. Shi ne abokinsa na gareji mai buge lotsawar mota kafin a yi mata fenti, sun tsufa tare suna zagin juna. Ya zo ya ji abin da ya hana Shafi Biyu fitowa. Ya ɗauki ɓawo guda, ya leƙa cikinsa ta wannan gefe ya leƙa ta wancan, ya jefa a baki.

“Bodi ya yi kyau,” in ji shi. “Ina injin?”

Ƙanena ya ce masa mai dukan ƙarfe ba ya sa baki a aikin masu hannu. Ya tsaya ya yi nazarin ɓawon, ya yanke hukunci: bai bushe sosai ba. Gobe zai ƙara masa rana.

Ya ƙara. Abin ya fi na jiya lalacewa, tun kafin ya kai ga mai yake lanƙwashewa a hannu. Ya ɗora laifin a kan ƙwan, ya sauya mai ƙwai. Ya ɗora a kan man, ya sauya mai. Ya yi shafi uku, abin da bai taɓa yi wa mota ba. Ya ce idon Guduma ne, Guduma ya ce shi baki ya kawo ba ido ba, ya ci gaba da zuwa kullum yana kwashe ɓawon. Na gaya wa ƙanena cukun nan yana tashi a rana, hancina yana jin tsami-tsami. Ya ce shi idonsa bai ga komai ba. Ban ja da shi ba. Na dai tabbatar ba ɗaya daga cikin na ranar nan da ya je kusa da bakin Auta.

Miyar dangwalawar ce ta ƙarfafa mana gwiwa a kwanakin. Ita kam ya same ta, kuma ta hanyarsa ya bi. Tunda ba hanci, da launi ya haɗa ta. Ya niƙa tumatir ya dafa har ruwan ya tsotse, ya ce ja ɗin ya yi haske, ya ƙara jan tattasai ya zurfafa shi. Ya sa attarugu, da tafarnuwa da ya fara soyawa a ɗan mai, da gishiri. Ya matsa lemun tsami, wai don launin ya farka, ya ɗiga zuma don sheƙi. Kowane ƙari sai ya shafa kaɗan a bayan farin faranti, ya fita da shi haske, ya karkata shi nan ya karkata shi can, ya gwada da ta cikin waya. Guduma ya ɗanɗana, hawaye suka zubo masa, ya ce wannan ko tsatsa za ta cire. Auta ta zo wucewa za ta banɗaki, ta sa yatsa ta lasa. Da za ta koma ta sake sawa.

Ranar har maƙwabta sai da suka ji. Ƙanena ya kira surukinsa a waya, yaron yana can wata ƙasa da lodi, ya ba shi labarin lasa biyun nan kamar labarin haihuwa. Yaron yana ta cewa Allah ya saka, Baba, Allah ya ƙara girma. Amma lasar miya ba ta motsa sikeli, mu duka mun san haka, ranar awo kuma tana matsowa.

Ana gobe awo ya tashi da sassafe ya yi tire mafi kyau da ya taɓa yi, da ragowar cukun da ke gidan. Ya gama shafi na biyu kenan aka kira shi daga gareji, wani mai mota yana can yana ɗaga murya. Ya ɗauki tiren ya nemi inda rana za ta daɗe, ya same shi a ƙarshen baranda, daidai ƙarƙashin tagar Auta. Ya ce mini kada ko ƙuda ya taɓa, ya fita da sauri. Ni kuma na zaga baya wurin wanki.

La'asar ta kusa sai na ji muryarsa yana kirana. Tire babu. Ya tambaye ni, na ce ban gani ba. Ya leƙa ƙasan baranda ko kyanwa ta ture. Ya juya kan Guduma, wanda suka dawo tare, ya ce ya faɗi gaskiya tsakaninsa da Allah, Guduma ya ce yaushe ya rabu biyu, ai tare suka wuni. Sai ga Auta ta fito tana dafa bango.

“Baba, yana firji. Can sama, wurin ƙanƙara.”

Ya tsaya yana kallonta.

“Kana fita na ɗauke. Warinsa ne yake shigo mini ta taga, na kasa numfashi.”

Ya buɗe firjin a hankali ya jawo tiren. Ya taɓa guda, ya ji shi ƙam kamar dutse. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya ce sanyi ba ya shiri da fenti, kowa ya san haka, aikin da ya sha sanyi dusashewa yake yi ya ɓare. Ba ga Auta yake faɗa ba, ga tiren yake faɗa. Cuku ya ƙare a gidan, kantin da ke sayar da irinsa yana da nisa, gobe kuma awo.

“To ka soya shi haka, Baba, ko ka zubar,” in ji Auta. “Amma don Allah kada ka mayar mini da shi taga.”

Ya ce, “To, Uwata.” Ya kunna wuta ba waƙa. Da man ya yi zafi ya ɗauki guda ya zura shi ta gefen kasko, ya ja da baya yana kare fuska da murfin tukunya, yadda kwanakin nan suka koya masa.

Cukun ya nutse, ya taso, ya kama tsuwwa. Muna jiran tsagewa. Ya yi ruwan zuma, muna jira. Ƙanena ya sauke murfin tukunyar, ya juya shi da cokali mai yatsu, ɗaya gefen ma ya yi ja. Bai tsage ba. Ya kwaso shi ya ɗora a kan takarda, ya ƙwanƙwasa shi da bayan cokali, muka ji ƙas-ƙas. Ya karya shi biyu. Tururi ya tashi, cikin fari sol, ya narke amma yana zaune a gidansa.

Guduma ya miƙo hannu, na buge hannun.

Auta ba ta jira faranti ba. A tsaye a bakin ƙofa ta dangwala rabin a miya ta gartsa, ƙarar ta cika kicin. Ta tauna tana hura baki. Mu uku muna kallon maƙogwaronta kamar masu kallon wata. Ta haɗiye. Ta tsaya tana sauraron cikinta, mu ma muna saurare. Sai ta dangwala ɗaya rabin.

“Baba, man yana jiranka,” in ji ta.

Daga nan kicin ya rikice. Yana zubawa yana kwashewa, ni ina tsanewa, Guduma yana fifita wa Auta faranti da jarida don ya huce, ita tana cewa a bar mata shi da zafinsa. Ta zauna a kujerar da aka ajiye mini ta ci, ta sake ci, ta ce ko akwai sauran burodi a haɗa mata, ta ce a ɗora shayi. Da ta ce shayi, ƙanena ya juya ya fuskanci bango yana gyara wata jarida da ba abin da ya same ta. Ya daɗe yana gyara ta.

Da ya juyo ya ce dama sanyi ma wata hanyar bushewa ce, saura kaɗan shi ma ya yi tunanin haka. Guduma ya ce to daga gobe a sayo wa gareji babban firji a riƙa saka motoci. Ƙanena ya ba shi guda biyu don ya rufe baki, ya zaɓo masa ƙananan. Daren nan bai kwanta ba sai da ya je har kantin ya sayo wani cukun.

Cin yamma guda ba ya ƙara wa mutum nauyi. Washegari sikeli bai hau ba, sai dai bai sauka ba. Nas ɗin ta fara jawo takardar ba da gado, sai Auta ta buɗe kular da ubanta ya cika mata da safe, ta dangwala ta ci a gabanta, ta kuma tura mata kular. Nas ɗin ta ɗauki guda, ta tambayi wa ya yi, aka gaya mata mai fentin mota. Ta ɗauki na biyu ta ce a je gida a ci gaba, a dawo awo na gaba a gani, amma a riƙa soya shi ya dahu har ciki, a kuma haɗa da wasu abubuwan. Ƙanena ya rako mu, amma a tsallaken titi ya tsaya, jikin wani shagon sayar da katifa. Da ya hango mu mun fito mu biyu ya taho yana ratsa motoci, masu mota suna yi masa ham.

“Sun ce in tafi gida, Baba.”

“To me muke jira? Na bar wani tiren a firji.”

Cukun ne ya buɗe ƙofa, sauran abinci suka biyo baya. Awo na gaba sikeli ya hau, na bayansa ya ƙara hawa, zoben ya koma yatsansa. Kicina dai bai dawo hannuna ba. Da safe nawa ne, da yamma nasa. Ya koyi cewa ba sai ya daskare kamar dutse ba, ya ɗan yi ƙarfi kawai ya isa. Ya koyi kada ya cika kasko don kada man ya huce. Maƙwabciyarmu ta zo koyo, ya tsaya yana yi mata bayani da gaske, ya ja mata kunne kada ta kuskura ta kai shi rana, wasu suna yin wannan kuskuren.

Da watan haihuwa ya kama, sai wani tunani ya shige shi. Ya ce mace mai jariri hannu ɗaya gare ta, ɗayan yana riƙe da yaro. Yaya za ta riƙe faranti, ta dangwala, ta kai baki, miya ba ta ɗiga a kan jikansa ba? Dole miyar ta koma cikin cukun, a ɗauka kawai a ci. Ya samo tsinken shan lemo yana huda cukun ta tsakiya, ya sayo sabon sirinji marar allura yana ɗura miyar, ya toshe bakin da ɗan gutsuren cuku. Na farko ya fashe ya yi wa jaridu ja. Na biyu miyar ta gudu gefe guda. Guduma ya ce yanzu kuma an koma aikin famfo. Ƙanena ya ce saura ƙiris, ramin ne ya yi faɗi, tsinke siriri yake nema.

Ya samo siririn tsinken wata safiya, ya shiga kicin da murnarsa tun kafin in karya. Ya huda ya ɗura, ya huda ya ɗura, yana kirana in zo in ga yadda miyar take zama. Sai Auta ta kira ni daga ɗaki da wata murya da na gane. Mijinta yana gari a lokacin, kafin in ɗaura ɗankwali ya kawo mota ƙofar gida. Ƙanena ya fito da fulawa har gwiwar hannu, takalmi wari da wari, yana tambayar kowa ina jakar kaya alhali tana rataye a kafaɗarsa.

Namiji ta haifa, lafiya lau. Daga ranar kuma ko sunan cuku ba ta son ji, ta ce warinsa har cikin kanta. Ubanta ya yi dariya ya ce ba komai, zai koma kan aikin idan ya samu sarari, wata rana wani zai buƙata. Jaririn bai bar masa sarari ba.

Ni na koma gida da yammar ranar haihuwar in ɗauko zannuwa. Tiren yana kan teburin kicin. Jeri guda an ɗura an toshe, na kusa da shi an huda ba a ɗura ba, sauran ko hudawa ba a yi ba. Ƙwan ya bushe a bakin kwano. Sirinjin yana tsaye a cikin miya, an ja shi zuwa rabi.